Me Ke Cinye Kuɗin Mai Tsohuwar Motar Gudu? Ferrari, Jaguar da Porsche a Gareji

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan jar motar da kuke gani ita ce Ferrari F355, wadda aka ƙera a garin Maranello na ƙasar Italiya daga 1994 zuwa 1999. Injinta mai silinda 8 ne, kowace silinda tana da bawul 5, jimilla bawul 40 ke nan. Idan direba ya taka ta, ƙarar da take yi ita kaɗai ta isa ta sa mutum ya fara lissafin abin da zai sayar ya mallake ta.

To amma ku duba alamar da ke gaban bonet ɗinta. Doki ne ya ɗaga ƙafafun gaba. Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san cewa kuɗin sayensa shi ne ƙaramin abu. Ko ka hau shi ko ba ka hau ba, sai ya ci dawa, sai ya ci harawa, sai an biya mai kula da shi. Tsohuwar motar gudu ma haka take, kuma yau za mu bi kuɗin ne mu ga ta inda yake zurarewa.

Mu fara da wani abu ɗan ƙarami: bel ɗin roba.

A cikin injin F355 akwai taimin bel guda biyu, ɗaya a kowane ɓangare na injin. Aikinsu su tabbatar bawul suna buɗewa suna rufewa daidai lokacin da fistin yake hawa da sauka. Idan ɗaya ya tsinke mota tana gudu, fistin zai daki bawul, su lanƙwashe, inji ya buga nan take. Shi ya sa ake canza su duk bayan shekara uku zuwa biyar, ko da motar ba ta yi tafiyar kirki ba, domin roba tsufa take yi ko tana aiki ko tana zaune.

Su bel ɗin ba su da wata tsada idan aka kwatanta da motar. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Injin yana bayan direba ne, a tsakiyar mota, kuma gefen da bel ɗin suke yana manne da bangon da ke bayan kujeru. Hannu ba ya shiga. Yadda kamfanin ya tsara aikin shi ne a ɗaga motar sama, a kwance wayoyi da tiyo-tiyo na ruwa da na mai, sannan a sauke inji da giyabos da ƙafafun baya gaba ɗaya a kan firam ɗinsu. Aikin kwanaki ne ga ƙwararren makaniki. A Amurka, inda ake biyan makaniki da awa, wannan sabis ɗin kan ci dala dubu da dama, kuma ba abin mamaki ba ne a ji ya kai dubu goma.

Me ya sa yake hawa haka? Saboda allura tana tono garma. Da zarar inji ya sauka ƙasa, makaniki zai kira ka ya ce, “Ranka ya daɗe, tunda mun riga mun sauke, ga famfon ruwa ya fara jiƙa, ga boris ɗin da ke ɗaure bel yana ƙara, ga roba nan tana yoyon mai.” Kuma gaskiya yake faɗa. Idan ka ce a bar famfon ruwa, ya lalace bayan wata takwas, sai an sake sauke injin daga farko. Ita F355 kuma tana da nata cututtukan da aka san ta da su: bututun hayaƙi da ke fitowa daga jikin inji suna tsagewa saboda zafi, hanyoyin da bawul suke bi a wasu na farko-farko suna cinyewa da wuri, har maɓallan cikin mota kan narke su riƙa danƙo a hannu.

Abin da zai ba ku mamaki, yayarta Ferrari 308, wadda ta fito tun 1975, ta fi ta sauƙi a wannan fannin. Injinta a gicciye yake, don haka ana cire tayar baya a isa ga bel ɗin ba tare da an sauke komai ba. A 360 Modena da ta gaji F355 a 1999 kuwa, sai suka yi wata ƙofa a bayan kujeru wadda makaniki zai buɗe ya yi aikinsa. Ka ga ke nan ba yawan shekaru ne kawai yake yanke farashin gyara ba. Yadda injiniyoyi suka cusa kaya a cikin bodi shi ne babba. Ni a ganina, kafin mutum ya tambayi gudun mota, ya fara tambayar awa nawa ake ɗauka kafin a kai hannu ga abin da ke yawan lalacewa.

Yanzu mu tsallaka Ingila. Wannan mai dogon hancin ita ce Jaguar E-Type, an fara nuna ta a bajekolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961, kuma an ƙera sama da 70,000 kafin a daina a tsakiyar shekarun 1970. Lokacin da ta fito, farashinta fam dubu biyu ne da 'yan kai. A 2017, sashen tsofaffin motoci na kamfanin Jaguar ya fara sayar da waɗanda ya kwance ya sabunta tas a kan fam 285,000 zuwa sama. Wannan tazarar ita za ta nuna muku abin da aikin hannu yake ci.

Injin E-Type mai silinda 6 jarumi ne, yana daɗewa idan ana kula da shi. Amma canza kuloci sai an ciro inji da giyabos. Birkin baya kuma ba a cikin taya yake ba kamar yadda muka saba, an kai shi can tsakiya kusa da aksul, ta yadda babban gyaransa kan sa a sauke ƙafafun baya duka. Na farko-farkon suna da kafireto uku, kuma dole a daidaita su su riƙa shan mai da iska daidai wa daida, in ba haka ba motar ta riƙa tari tana zuƙar fetur. Wayarin ɗin kuwa na kamfanin Lucas ne, wanda masu motocin Ingila suka daɗe suna yi wa ba'a da laƙabin sarkin duhu, wai don fitila kan ɗauke maka a daidai lokacin da kake buƙatarta.

Duk waɗannan ana iya lissafa su tun kafin a fara. Wanda ba ya lissafuwa shi ne tsatsa.

Bodin E-Type shi ne ƙashin bayanta, ba ta da wani kaurin shasi a ƙasa da zai riƙe ta idan bodi ya ruɓe. A Turai da arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan yana shiga dokin ƙofa da daɓen mota da lungunan da fenti bai taɓa kaiwa ba, ya zauna shekara da shekaru yana ci daga ciki. Abin da kake gani a waje ɗan kumburi ne a fenti, kamar ƙurji. Fanel bita ya sa abin kankara, sai ramin ya buɗe, hannu ya shige. A bi shi, sai a tarar daɓen ma ya tafi, inda kujera take ɗaure ma ya tafi. Daga nan an bar maganar gyara, an koma yanka da walda, kuma kowane ƙarfe sai an gwada an buga an sake gwadawa, domin motocin wancan zamani ba su zo daidai da juna kamar na yanzu ba. Sabon bonet na E-Type ma ba ɗaurawa kawai ake yi ba, sai an ɓata kwanaki ana datsa shi kafin ya zauna.

Shi ya sa masu saye suke yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu. Su manna shi a ƙasan ƙofa da bakin taya. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya faɗo, an cike rami da fila an shafe da fenti. Mota mai sheƙi a hoto, kallon kitse ake yi wa rogo. Haka kuma shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a busasshen wuri kamar Arizona ko kudancin Kalifoniya take fi tsada. Irin yanayinmu na Sahel ma yana tausaya wa ƙarfe, sai dai rana tana karɓar nata harajin: dashbod ya tsage, fatar kujera ta bushe, robobin gilashi su farfashe.

Jamus fa? Ana yaba wa Porsche 911 da ƙarko, kuma ta cancanta. Daga tsakiyar shekarun 1970 kamfanin ya fara lulluɓe bodin da sinadarin zinki, abin da ya rage matsalar tsatsa sosai. Tsofaffin, har zuwa 1998, iska ce take sanyaya injinsu tare da baƙin mai, babu lagireton ruwa. Saboda haka juye ɗaya kan sha wajen lita 10, kuma ba kowane mai ake zuba musu ba. Da aka koma inji mai ruwa a samfurin 911 da ake kira 996, sai wata sabuwar damuwa ta ɓullo: wani ɗan boris da ke ƙarshen wani shaf a cikin inji, wanda ake kira IMS. Ba kowace mota yake kashewa ba, amma idan ya watse, gutsattsarin ƙarfe su bi mai su shiga ko'ina, inji ya tashi aiki. Maganar har ta kai kotu a Amurka, aka yi sulhu da masu motocin a 2013. Masu wayo kan canza shi lokacin canza kuloci, tunda an riga an cire giyabos. Kuɗin aiki ɗaya, gyara biyu.

Wani zai ce, to ni ba hawa zan riƙa yi ba, ajiyewa zan yi a rufe da tamfol. Nan ne mutane da yawa suke gudun gara su faɗa gidan zago. Man birki yana shan danshi daga iska, ya sa tsatsa a cikin bututu, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Fetur ya daɗe a tanki ya zama kamar ƙaro, ya toshe kafireto. Robobin da ke hana mai yoyo su bushe idan inji ba ya juyawa. Batir ya mutu. Ɓera ya samu ɗaki a cikin wayarin. Taya kuma, ko zanenta bai goge ba, tsufa take yi. Ku duba gefenta, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: idan kun ga 2315, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2015. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya ta kai shekara goma a cire ta. Wasu Ferrari 308 na farkon shekarun 1980 kuma sun zo da taya samfurin TRX mai awo na daban, wadda ba ka samunta a shagon bakin titi sai ka yi oda.

Fetur ɗin kansa ya canza. Injinan da, an ƙera su ne don mai mai ɗauke da dalma, wadda take kare mazaunin bawul daga cinyewa. An daina sayar da irin wannan man ga motoci a duk duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Wasu tsofaffin injina sai an sa musu mazauni mai tauri ko a riƙa ƙara magani a tanki. Sabon man da ake gauraya shi da ethanol, kamar E10 da Birtaniya ta koma kansa a 2021, yana cin tsofaffin tiyon roba, kuma tiyon fetur da ya tsage a saman inji mai zafi kun san abin da ke biyo baya. Na'urar sanyi ma haka, iskar R12 da suke amfani da ita an hana ƙera ta, sai an juya tsarin zuwa sabuwa.

Batun kayan gyara kuwa, yawan motar ne yake yanke hukunci. MGB ta Ingila an ƙera fiye da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980, don haka kusan komai nata ana samu da sauƙi, har sabon bodi sukutum ana bugawa. F355 kuwa dubu goma sha ɗaya ne da 'yan kai. Idan fitilarta ko wani ɗan akwatin kwamfuta ya lalace, farashin yana hannun wanda ya ajiye nasa. Wanda ya saba ya leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya samo kayan Fijo 504 kafin la'asar, a nan sai ya biya da dala ko fam ko yuro, ya ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, ya jira makonni, wani lokaci abin ya iso bai yi daidai ba. Ga kuma neman makanikin da ya taɓa buɗe irin injin, domin wanda zai koya a kan motarka shi ne mafi tsadar makaniki, ko da kuɗin aikinsa kaɗan ne.

Gwamnatoci kan ɗan rage wa masu irin motocin nan nauyi. A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya da gwajin shekara-shekara. A Jamus, mai shekara 30 da aka kula da ita tana samun lamba mai harafin H a ƙarshe. Inshora ma kan yi sauƙi idan ka amince ba za ka wuce wasu kilomitoci a shekara ba. Amma wannan duk canji ne idan aka ajiye shi kusa da takardar makaniki.

Shi ya sa a kasuwar waɗannan motoci, fayil ɗin rasit yana da daraja kusan kamar inji. Mai saye da ya san abin da yake yi, kafin ya tayar da mota, takardu yake fara buɗewa: yaushe aka canza bel, wane gareji, an haɗa da famfon ruwa ko an tsallake. Sannan ya biya wani makaniki na daban, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga motar ya haska ƙasanta da tocila, ya auna ƙarfin matsin kowace silinda. Idan F355 ce kuma mai ita ya ce an canza bel bara amma takardar ta ɓata, ana ɗauka ba a canza ba, a cire kuɗin sauke inji daga farashin tun kafin a fara ciniki.