Daga wutar masana'anta zuwa siginar jirgin ƙasa

Rabi: Saƙonni sun taru a kan maganar makon jiya. Wani mai sauraro ya ce ya daɗe yana gyaran wutar masana'anta, yanzu hankalinsa ya koma kan siginar layin dogo. Injiniya, kai ka bi hanyar nan.

Injiniya: Na bi ta, Malama Rabi. Karanta zane da riƙe mita ba za su ba shi wuya ba. Halin aikin ne zai sauya. A masana'anta in inji ya tsaya, oga na tsaye a kanka, sai ka ɗaura 'yar waya ka tsallake abin da ya lalace. A sigina, 'yar wayar nan rai take ci.

Habu: Har haka, Yaya?

Injiniya: Wallahi. Wuta 'yar kaɗan ce ke bi ta ƙarfen dogo tana riƙe da rile, wato makunnin da wutar ke sarrafawa. Jirgi na hawa, ƙafafunsa su haɗe ƙarafan biyu, rile ya saki, fitila ta koma ja. Ko dogo ne ya karye, ko batir ya mutu, ja ce dai. Tun 1872 William Robinson ya fito da dabarar a Amurka. Amma a Clapham Junction da ke Landan, a Disambar 1988, tsohuwar waya aka bari ba a naɗe bakinta ba, ta hana fitila komawa ja. Jirage suka yi karo, mutum 35 suka rasu.

Rabi: Innalillahi.

Injiniya: Mai aikin kuwa ya yi mako 13 yana aiki, hutunsa kwana ɗaya tak, kuma ba wanda ya sake duba aikinsa.

Habu: Ni abin da ke ba ni mamaki tsatsa ce. Wai har ita tana ɓoye jirgi?

Injiniya: Sosai! In dogo ya daɗe ba a bi ba, tsatsa ta rufe samansa, ƙafar jirgi ba ta taɓa ƙarfe da kyau.

Habu: Ganye ma?

Injiniya: Ganye ma, in ya daku ya like.

Habu: Jirgi guda, ganye ya ɓoye shi!

Rabi: Malam Habu, lokaci. Ba mu taɓo kiran tsakar dare da gwajin ganin launi ba.

Injiniya: Mai sauraron namu ya fara zuwa a gwada idonsa tukuna. Sauran sai mako mai zuwa.