Na haɗa ayyukan, me ya sa jadawalin bai motsa ba?

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa 'yan kwanakin nan, daga ɗalibai masu karatun gini har zuwa 'yan kwangilar da ke aiki tsakanin Samaru da Sabon Gari. Mutum ya ce ya haɗa ayyukansa a Microsoft Project, manhajar tsara jadawalin aiki, kibiyar da ke nuna haɗin ma ta fito, amma da aikin farko ya makara sai na biyun ya tsaya cak a inda yake. Wasu har sun fara zargin manhajar. Lafiyarta ƙalau. Matsalar wuri guda take, wato yadda ake gaya wa kwamfuta cewa akwai jira tsakanin aiki da aiki. Nan za mu daɗe yau, sauran kuma da sauri za mu bi.

Ga misalinmu a allo. Mu ɗauka ana gina ɗakunan hayar ɗalibai, bene ɗaya, a Samaru. Harsashi, bulo zuwa linta, kafinta ya buga katako da tokare, a ɗaura rodi, na biyar zuba kankaren dekin, na shida cire katako. Ka zaɓe su duka, ka latsa wannan hoton sarƙar, ko Ctrl da F2 a tare. Shi ke nan, sun haɗu. Sandunan da ke wakiltar ayyukan a allo sun jeru, kowane yana jiran na gabansa ya gama.

Irin wannan haɗi shi manhajar ke rubutawa FS, sai wannan ya ƙare wancan zai fara, kuma shi take ba ka idan ba ka ce komai ba. Akwai SS, su fara tare. Akwai FF, su gama tare. Akwai na huɗu, SF, wanda da wuya ka buƙace shi a aikin gini. Mu wuce.

Kafin komai, ku dubi wannan gurbin na hagu. Idan kun ga hoton 'yar ƙusa a gefen aiki, to aikin a hannunka yake, manhajar ba za ta riƙa matsar da shi da kanta ba. Tun fitowar 2010 haka take buɗewa, sababbin ayyuka duk a kan tsarin hannu. Zaɓe su gaba ɗaya, ka mayar da su tsarin da take lissafi da kanta.  Wasu daga nan ma damuwarsu ta ƙare.

To, yanzu mun zo wurin.

An gama zuba dekin ranar Juma'a, 6 ga Agusta. Ba za a wayi gari a cire katako ba, kowa ya san wannan. Mu ce injiniyan aikin ya ce a bar shi kwana 21. Adadin kwanakin nasa ne, shi ya san siminti da faɗin dekin da nauyin da za a ɗora, don haka kada wani ya ɗauki 21 ɗin nan ya mai da shi doka. Me yawancin mutane ke yi? Sai su ɗauki kalanda, su ƙirga da yatsa, su ga ya faɗa wajen Litinin 30 ga wata, su je gurbin ranar farawa su rubuta 30 ga Agusta da hannunsu. Sandar ta matsa, jadawali ya yi kyau, an buga an kai wa mai gida.

Ku lura da abin da ya fito a gefen aikin. Kun ga wannan ƙaramin hoton kalandar? Da ka rubuta ranar da hannu, manhajar ta ɗaura wa aikin sharaɗi cewa kada ya fara kafin 30 ga wata. Abin da ta sani ke nan. Ba ta san akwai kankare ba, ba ta san injiniya ya ce kwana 21 ba. Rana ka ba ta, ba dalili ba.

Bari mu gwada. Agusta ne, a Zariya kuwa kun san yadda ruwa ke sauka a watan nan. An yi ruwa, ko motar tsakuwa ta maƙale a hanya, zubin bai kammala ba sai Laraba 11 ga wata. Na matsar da aiki na biyar. Ku kalli na shida. Ko gezau. A lissafinta babu laifi, tunda an gama zubi ranar 11, cire katako ranar 30, ai na biyu bai riga na farko ba. Amma ku ƙirga da ni, daga 11 zuwa 30 kwana 19 ne. Kwana biyu sun salwanta daga abin da injiniya ya nema, kuma babu abin da ya yi ja a allo don ya gargaɗe ka. Wannan shi ya fi damuna a cikin lamarin nan. Jadawalin da ya makara asarar kuɗi ce, amma jadawalin da ya ce a zare tokare kafin lokaci, akwai leburori a ƙarƙashin dekin nan.

Gyaran sa mataki biyu ne. Na farko, kwance sharaɗin. Latsa aikin sau biyu, shiga shafin da sharaɗin yake, ka mayar da shi kan zaɓin da ke cewa ya fara da zarar ya samu dama. Hoton kalandar ya ɓace, sandar ta dawo ta manne da ta gabanta. Na biyu, jiran nan ka sa shi a jikin haɗin, ba a jikin ranar ba. A gurbin da ake rubuta lambar aikin da ake jira, inda yanzu akwai 5 kawai, nan za ka ƙara tazarar. Ko ka latsa kibiyar kanta sau biyu, akwati zai fito, duk ɗaya ne.

Mayar da zubin zuwa 6 ga wata tukuna. Na rubuta 5FS+21d. Ku duba inda ta kai cire katako: Talata, 7 ga Satumba. Nan ne kashi na biyu na masu tambaya ke cewa kwamfuta ba ta iya ƙirga ba. Ta iya. Harafin d ranakun aiki take nufi da shi, kalandar da manhajar ta zo da ita kuwa Litinin zuwa Juma'a ce, ƙarfe takwas zuwa biyar, da awa ɗaya na hutu. Duk Asabar da Lahadi tsallake su take yi. Kankare kuwa ba ya tafiya hutun ƙarshen mako, dare da rana yana ƙara ƙarfi.

Saboda haka sai ka rubuta 5FS+21ed. Wannan e ɗin da aka ƙara shi ke sa ta ƙirga kwanaki yadda suke tafiya, har da Asabar da Lahadi da ranakun Sallah. Ga shi, ta dawo Litinin 30 ga Agusta. Bambancin kwana takwas cur. Kwana takwas na hayar tokare, na birkila da aka ce ya jira, na mai gidan da ke son ɗakunan su kammala kafin ɗalibai su dawo hutu.

Sake matsar da zubin zuwa Laraba 11. Yanzu ku kalla. Cire katako ya tashi da kansa ya koma Alhamis, 2 ga Satumba, bulon sama ya bi shi, filasta ta bi, fenti ya bi. Abin da aka ƙirƙiri manhajar don shi ke nan.

 Wannan dabara ta ɗaure ayyuka da juna ta girmi kwamfutar da ke gabanka nesa ba kusa ba. A 1957 kamfanin DuPont na Amurka tare da Remington Rand suka fito da tsarin gano jerin ayyukan da ke riƙe da ranar kammalawa. Sandunan nan kuma sunan Henry Gantt suke ɗauke da shi, tun farkon ƙarni na 20. Idan ka kunna akwatin da ke nuna wannan jerin, wasu sandunan za su zama ja. Su ne marasa rarar lokaci: kwana ɗaya ya kuɓuce a cikinsu, ranar miƙa makulli ta matsa da kwana ɗaya. Shuɗayen suna da ɗan sarari. Ranakun da aka rubuta da hannu suna rikita wannan lissafin, sai ka ga ja a inda bai kamata ba.

Tazarar tana iya zama ta ragi. 8FS-2d na nufin a fara saura kwana biyu aikin da ake jira ya gama. 9SS+3d kuma, mai wayarin ya shiga, bayan kwana uku mai filasta ya biyo shi ɗaki ɗaki. A waɗannan d ɗin daidai ne, tunda aikin mutane ake jira. Ka tambayi kanka kawai, wa nake jira? In ma'aikaci ne, d. In kankare ne ko filasta ko fenti da zai sha iska, ed.

Sai kalandar. A wuraren gininmu ana aiki ranar Asabar, ranar Juma'a kuma ana tashi a tafi masallaci. Shiga kalandar manhajar ka gyara ta yadda kuke aiki da gaske, ka sa hutun Sallah da hannunka, don manhajar ba ta zo da shi ba.

Ra'ayina kuma, a kan dekin musamman, na fi son jiran ya zama aiki mai layinsa. Tazara ba ta fitowa fili, fili ne fari kawai tsakanin sanduna biyu, ba a ɗora wa kowa alhakinta. Amma kankare da ruwa yake ƙarfi, ba da bushewa ba, kuma sai an samu mai ba shi ruwa safe da yamma, balle a hunturu ko zafin Maris da Afrilu. Don haka na ƙara layi a tsakani, na sa masa suna ban ruwan dekin, tsawonsa 21ed, na haɗa shi da zubi ta sama da cire katako ta ƙasa, na goge tazarar da na sa ɗazu don kada jiran ya ninku. Yanzu akwai sunan mai ban ruwa a jiki, akwai kuɗin tankar ruwa, kuma idan mai gida ya nuna makonni ukun nan ya ce me ake yi a ciki, amsar tana rubuce a gabansa.