Daga gangaren Ngaundere zuwa duwatsun Rumsiki: wa ya ɗaga ƙasarmu, wa ya tsaga ta?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ngaundere zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, ya san gangaren nan da direbobi ke kira falez, inda manyan motoci ke saukowa a hankali birki na wari. Ngaundere tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100 daga doron teku, Garwa kuwa tana can ƙasa, wajen mita 200. Shi ya sa mutum zai bar Ngaundere da rigar sanyi, ya isa Garwa yana neman inuwa. To me ya ɗaga wancan gefe, me ya dannan wannan?

Ƙasar da muke takawa ba dunƙulalliya ba ce. Samanta mai tauri, wanda kaurinsa ya kai kusan kilomita 100, a farfashe yake kamar sakainar ƙwarya, kowane ɓangare yana jingine da ɗan'uwansa. Masana suna kiran ɓangarorin nan farantai. Manyansu bakwai ne, mu muna kan na Afirka. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi, bai narke ba amma ya yi laushin da zai iya motsi sannu sannu, farantan kuma suna tafiya a kansa. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita a shekara. Ka ce wannan ai ba komai ba ne. Ninka santimita 2 sau shekara miliyan 100, za ka samu kilomita 2,000.

Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ya faɗi tun 1912 cewa nahiyoyi suna tafiya, aka ƙi yarda da shi. Sai wajen 1960, da aka auna ƙasan teku aka ga doguwar tsaga a tsakiyar Atlantika inda sabon dutse ke fitowa, sannan aka koma kan maganarsa. Shi kuwa ya daɗe da rasuwa.

Yawancin tashin hankali a bakin farantai yake faruwa, inda suke gogayya ko karo. Girgizar ƙasar Turkiyya da ta Maroko a 2023 duk daga irin wannan matsi suka fito. Mu a arewacin Kamaru da Chadi muna tsakiyar faranti ne, nesa da baki, shi ya sa babbar girgiza ba ta dame mu ba. Amma a da can mu ma a baki muke.

Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Gaɓar Kamaru da ta Najeriya tana haɗe da arewa maso gabashin Brazil. Da ƙasar ta fara rabuwa, tsagar ta yi reshe uku daga wajen da bakin kogin Kwara yake yanzu. Reshe biyu suka ci gaba da buɗewa har ruwa ya cika su, su ne tekun Atlantika. Na ukun ya kutsa cikin Afirka ta arewa maso gabas, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000, sannan ya tsaya. Wannan reshe da ya tsaya shi ne kwarin Binuwai, wani hannu nasa kuma ya bi ta Yola ya iso Garwa. Wato kogin Binuwai bai haƙa kwarinsa shi kaɗai ba, ya tarar da rami ne ya bi. Da tsagar ta ci gaba, da yau ana iya hawa jirgin ruwa na teku a inda gadar Garwa take.

Kuma abin bai tsaya a ba da labari ba. Irin waɗannan ramuka sun ci gaba har kudancin Chadi, laka da yashi da gawarwakin ƙananan halittu suka yi ta taruwa a cikinsu, nauyi da zafi suka dafa su. Man fetur ɗin Doba, wanda tun 2003 ake tura shi ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, daga nan ya samu.

Sai maganar wuta. Akwai jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso tun daga cikin teku, daga tsibiran Annobon da Sao Tome da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru mai tsayin mita 4,040, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya bi ta Manenguba da Oku har Adamawa, wani reshe kuma ya nufi Biu a Najeriya. Zafin da ke ƙasa ya kumbura tudun Adamawa, narkakken dutse ya malalo ya rufe wani sashe nasa, gefensa na arewa kuma ya zama gangaren da muka fara da shi. Har yau masana suna muhawara kan abin da ya kunna wannan jeri a tsakiyar faranti. A arewacin Chadi ma akwai Tibesti, inda Emi Kusi, dutse mafi tsayi a Sahara, ya kai mita 3,415.

A ganina babu inda aikin nan ya fito fili kamar Rumsiki, a duwatsun Mandara. A can akwai dogayen duwatsu tsaye tsirara a tsakiyar kwari. Mutane da yawa suna ɗauka tsirowa suka yi daga ƙasa a haka. A'a. Kowanne maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, narkakken dutse mai kauri ya taso ta cikin maƙogwaron, ya sandare a ciki. Daga nan damina ta karɓi aiki. Ruwan sama da zafin rana da sanyin dare suka yi ta cin jikin dutsen na waje mai rauni, mayo-mayo, wato rafuka, suna kwashe ɓarɓashin suna kaiwa fadama, har ya zama ba abin da ya rage sai abin da ya toshe maƙogwaron, don ya fi tauri. Ƙasar da manomin Kapsiki, ƙabilar da ke zaune a yankin, ke tarewa da jeren duwatsu a gefen tsauni, ita ce wadda ruwan ke ƙoƙarin tafiya da ita har yanzu.

Kada kuma a ɗauka wutar ta mutu gaba ɗaya. Tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, yana cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, zurfinsa wajen mita 200. Iskar kabon tana tsattsafowa daga ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama yana danne ta. A daren 21 ga Agusta 1986 ruwan ya juye, iskar ta fito gaba ɗaya. Ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ta bi kwari ta gangara ƙauyuka. Mutane sama da 1,700 suka rasu, yawanci a cikin barci, tare da dabbobi kusan 3,500. Allah ya jiƙansu. Shekara biyu kafin haka Tafkin Monun ya yi irin wannan, ya kashe mutum 37.

A 2001 aka kafa dogon bututu a tsakiyar Nyos, wanda ke jawo ruwan ƙasa zuwa sama ya saki iskar kaɗan kaɗan. Ba ya buƙatar inji, iskar da kanta ke tunkuɗo ruwan. A 2011 aka ƙara wasu bututu biyu, domin guda ɗaya bai isa ya rage abin da ya taru ba.