Zaɓen fid da gwani a Mishigan: mutanen da ba sa ɗaga waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Talata, 27 ga Fabrairun 2024, ƙarfe tara da 'yan mintoci na safe, ina Hamtramck, ɗan ƙaramin garin nan da birnin Ditroit ya kusan haɗiye shi ta kowane ɓangare. Ku dubi jikina, ko rigar sanyi ban sa ba. Wanda ya san jihar Mishigan a watan Fabrairu ya san sai ka kankare ƙanƙara a gilashin mota kafin ka fita. Yau kuwa an ce zafi zai haura 20 a ma'aunin Salshiyas, har ga tsofaffi can sun fito da kujeru ƙofar gida suna shan hantsi.

Yau ake zaɓen fid da gwani na 'yan takarar shugaban ƙasa a wannan jiha, kuma yau ce rana ta farko da zan jefa ƙuri'a a Amurka, don bara na samu takardar zama ɗan ƙasa. Ga wanda yake kallo daga gida, abin ya sha bamban da namu. A Yunin 2022 deliget ne suka taru a Dandalin Eagle a Abuja, aka kwana ana ƙirga, Tinubu ya tashi da ƙuri'a 1,271, mu kuma muka bi ta talabijin. A nan masu zaɓe ne da kansu suke da bakin magana. A Mishigan ma ko katin jam'iyya ba a tambayarka. Ka isa rumfa, ka nuna a takarda cewa ta Dimokurat kake so ko ta Rifablikan, a miƙo maka.

Amma abin da ya sa na kunna kyamara yau wani kira ne da aka yi mini makon jiya. Ina cikin cin tuwo bayan isha'i waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Uwargida ta ce, "Maigida, ƙyale su, masu talla ne." Na dai ɗaga. Wata mata ce, muryarta a gajiye kamar ta wuni tana maimaita magana ɗaya, ta ce suna tattara ra'ayin masu zaɓe, ko zan ba ta minti biyar. Na ture kwano gefe, na gyara zama, domin watanni ke nan ina da abin faɗa a kan Gaza. Ta tambayi shekaruna, na faɗa. Ta tambayi ko ina da rajista, na ce ƙwarai. Sai ta ce ko na yi zaɓe a 2020 ko a 2022. Na ce a'a, lokacin ban zama ɗan ƙasa ba. Ta yi mini godiya cikin ladabi, ta ajiye waya. Tuwon nan bai ƙara shiga ba, wallahi.

Daga baya na zauna na yi ta bincike har na gane ba ita ta ƙi ni ba, tsarin ne haka. Masu wannan aiki ba ra'ayin kowa da kowa suke nema ba, na wanda suke ganin zai fito ranar zaɓe suke so. Hanya mafi sauƙi ta gane shi kuwa ita ce a duba ko ya saba fitowa. Sabon shiga irina, da matashin da ya cika 18 bana, da wanda ya daɗe bai fito ba amma yanzu ransa ya ɓaci, duk muna iya zubewa ta ƙasan rariya.

Wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau zai gane yadda aikin yake. Ba ka zazzage buhu ka duba kowace ƙwaya. Ka soka ɗan ƙarfen nan a gefe, gero ya zubo maka a tafin hannu, ka duba, ka yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. Haka suke yi. A tambayi mutum 1,000, a ce ga ra'ayin miliyoyi, kuma lissafi ya nuna kuskuren ba ya cika wuce maki 3 sama ko ƙasa. Idan mutum 600 ne, maki 4. Ni ban raina wannan ilimi ba, yana aiki. Amma sai idan gero ɗaya ne daga bakin buhu har gindinsa, ko kuma ka soka a wurare da dama. In mai kyau yana sama, mai ƙaiƙayi yana ƙasa, kai kuma sama kaɗai ƙarfenka yake kaiwa, to ko sau ɗari ka soka amsa ɗaya za ka samu, kuma ba ita ce gaskiyar buhun ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Cibiyar bincike ta Pew ta bayyana cewa a 1997 kashi 36 cikin 100 na gidajen da suke nema ta waya suna ba da amsa. Zuwa 2018 abin ya faɗo kashi 6. Wato a cikin ɗari, casa'in da huɗu ba a ji ta bakinsu ba. Su masu aikin suna ƙoƙarin gyarawa: idan matasa sun yi kaɗan a cikin waɗanda suka amsa, sai a ƙara wa amsar kowane matashi nauyi. Amma wanda sam bai shigo cikin kwandon ba, da me za ka ƙara masa nauyi?

Bari mu shiga shagon nan ku ga abin da nake nufi. Mai shi dattijo ne ɗan asalin Yaman, a nan nake sayen naman rago da garin shayi. Ya ce kar na nuna fuskarsa, don haka hannunsa kaɗai za ku gani yana auna dabino. Na tambaye shi, "Baba, an taɓa kiran ka a waya a tambayi ra'ayinka kan zaɓe?" Ya nuna mini wayar da ke gefen sikeli, fuskarta duk ta tsage, ya ce lambar da bai sani ba ba ya ɗagawa, in ma ya ɗaga ya ji ana tambayar addininsa da wanda zai zaɓa, kashewa zai yi. Ya ce tun bayan harin 11 ga Satumbar 2001 ya koyi kama bakinsa da baƙo. Amma ya riga ya jefa ƙuri'arsa tun makon jiya, don bana ne karon farko da aka buɗe rumfunan zaɓen wuri na kwana tara a duk faɗin jihar. Shi da matarsa da 'ya'yansa uku. Ƙuri'a biyar ke nan a gida ɗaya, kuma babu alƙalamin da ya rubuta su kafin yau.

Ku ƙara da wannan lissafi. Musulmi a Amurka kusan kashi 1 ne cikin 100. A Mishigan an fi haka yawa, amma ko da ka ce Larabawa da Musulmi kashi 2 ko 3 ne, a cikin mutum 1,000 da aka tambaya ba za su wuce ashirin ko talatin ba. Da mutum ashirin ba ka isa ka ce ga abin da ke ran Dearborn, garin nan mai yawan Larabawa kusa da Ditroit, ba, balle ka bambance ɗan Labanan da ɗan Yaman da ɗan Bangladash da mu 'yan Afirka ta Yamma.

Wannan jiha ta taɓa kunyata masu hasashe. Ranar 8 ga Maris ɗin 2016, ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna Hillary Clinton tana gaban Bernie Sanders da wajen maki 20. Shafin hasashen zaɓe na FiveThirtyEight ya ce damarta ta cin jihar ta haura kashi 99. Aka ƙirga, Sanders ya ci da tazarar da ba ta kai maki 2 ba. Matasa da waɗanda ba 'yan kowace jam'iyya ba sun fito fiye da yadda aka zata, kuma masu hasashen ba su da ma'auni mai kyau, domin a zaɓen fid da gwani na 2008 sunan Obama ma ba ya kan takardar Mishigan. Shi ya sa zaɓen fid da gwani ya fi babban zaɓe wuyar hasashe. A babban zaɓe yawanci kowa ya san gidansu. A nan kuwa 'yan gida ɗaya ne suke takara, mutum yana iya sauya ra'ayi a kan hanyarsa ta zuwa rumfa, kuma babu wanda ya san adadin da zai fito. Haka aka yi a New Hampshire a Janairun 2008: duk an ba Obama, Hillary ta lashe.

To yau ba a tababar wanda zai zo na ɗaya. Biden zai ci nasa, Trump zai ci nasa, don ko ranar Asabar ya kayar da Nikki Haley a jiharta ta South Carolina. Idon kowa yana kan wani ɗan gurbi ne a ƙasan sunayen 'yan takarar Dimokurat, inda aka rubuta uncommitted, wato ba na bayan kowa. Ƙungiyar Listen to Michigan ce take kira a cike wannan gurbi, a nuna wa Biden fushi kan yadda yake mara wa Isra'ila baya alhali ana kashe mata da yara a Gaza. Layla Elabed ce take jagorantar kamfen ɗin, 'yar'uwar 'yar majalisa Rashida Tlaib, kuma magajin garin Dearborn, Abdullah Hammoud, yana tare da su. Ƙuri'a 10,000 suka ce suna nema, kuma da dalili: a 2016 Trump ya ci Mishigan da ƙuri'a 10,704 kacal.

Ga rumfarmu can, makarantar firamare ce. Zan kashe kyamara, don ba a ɗaukar hoton mutane a ciki, masu raba takardun kamfen ma doka ta ce su tsaya ƙafa 100 daga ƙofa.

Alhamdu lillahi, na fito. Ga 'yar alamar da suke liƙa wa mutum a riga. Ko minti goma ban yi ba. Takardar zaɓe a garin nan akwai ta da Turanci, da Bangalanci, da Larabci. Wata tsohuwa mai lulluɓi da ke gabana ta karɓi ta Larabci, jikanta yana riƙe da hannunta, ta daɗe a cikin ɗan shingen kafin ta fito. Da ta zura takardar a na'ura sai na ji ta ce bismillah a hankali. Ni ba zan ɓoye muku ba, gurbin nan na cike, kuma hannuna ya yi rawa. Na san akwai 'yan'uwa a masallacinmu da suke ganin wannan kamar share wa Trump hanya ne, mutumin da ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shigowa a 2017, ya kuma saka Najeriya cikin jerin takunkumin biza a 2020. Damuwarsu gaskiya ce, ni ma tana raina. Amma zaɓen Nuwamba daban, na yau daban. Yau ce ranar da zan iya gaya wa wanda yake kan mulki cewa ban yarda ba, a kuma ƙirga.

Jama'a, barkanmu da asuba. Laraba ce yanzu. Ban yi barcin kirki ba, sakamako a gefe guda, ga guguwa da tsawa da suka taso cikin dare, har an ce iska ta yi ɓarna a Grand Blanc kusa da Flint. Sanyi kuma ya dawo, ga rigar a jikina.

An rufe yawancin rumfuna ƙarfe takwas na dare, kuma ba a daɗe da fara ƙirga ba aka wuce dubu goman nan. Yanzu ƙuri'un ba na bayan kowa sun haura 100,000, kusan kashi 13 cikin 100. Biden yana da wajen kashi 81. A Dearborn da nan Hamtramck gurbin ya samu fiye da rabi, ya doke shugaban ƙasa mai ci. A Ann Arbor, garin Jami'ar Mishigan, ɗalibai ma sun ba da nasu, don haka ba Larabawa da Musulmi kaɗai ba ne. A ɗaya ɓangaren Trump ya samu kusan kashi 68, Haley kusan 27.

Dole in faɗi abin da magoya bayan Biden suke cewa, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2012, lokacin da Obama yake neman wa'adi na biyu ba tare da abokin karawa ba, wannan gurbi ya samu sama da kashi 10, ƙuri'a sama da 20,000. Don haka a wajensu 13 ba wani abin tashin hankali ba ne. Ni kuma adadin mutanen nake kallo. Biden ya ci Mishigan a 2020 da tazarar kusan 154,000. Mutum dubu ɗari da suka bar aiki da shago suka je suka yi layi don kawai su ce ba ma bayanka, ba ƙaramin kaso ba ne na wannan tazara. Ƙuri'ar jin ra'ayi tana iya gaya maka kashi nawa ne ba su ji daɗi ba. Ba ta iya gaya maka wane ne ɓacin ransa ya kai ya tashe shi daga gida, kuma ba ta san su Baba mai shago ba.

Na biya ta wajensa bayan sallar asuba, yana ɗaga ƙofar shago. Na ce, "Baba, ka ga sakamako?" Ya ce ɗansa ya karanta masa. Ya ɗebo dabino uku ya sa mini a hannu, ya ce azumi saura kwana goma sha wani abu, in zo da wuri kafin mai kyau ya ƙare.

Talata mai zuwa, 5 ga Maris, jihohi 15 ne za su yi nasu a rana ɗaya, har da Minnesota inda 'yan'uwanmu 'yan Somaliya suke da yawa, kuma can ma an fara irin wannan kira. Tafiyar mota ce ta wajen awa goma daga nan zuwa Minneapolis. In na samu hutu a wajen aiki, daga can za ku ji ni, in Allah Ya yarda.