Lemun tsaminka ya yi rawaya? Duba ƙasa kafin ka sayi taki

Assalamu alaikum masu garka, na Tawa da kewaye. Sau da yawa za ka ga itacen lemun tsami: ganye ya yi rawaya, fure na zuba, ƴaƴan ba sa girma. Da yawa daga cikinmu in sun ga haka sai su ruga kasuwa su auno yuriya. Dakata tukuna, Malam. Ba kowace rawaya ba ce yunwa.

Tsinko ganye biyu, tsoho daga ƙasan reshe, sabo daga kan tsiro. In tsohon ne ya koɗe gaba ɗaya har da jijiyoyinsa, wannan yunwar taki ce, kuma an fi ganinta a jigawa, inda ruwa ke wanke abincin ƙasa. Maganinta ruɓaɓɓen takin gargajiya, da takin zamani 15-15-15 kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a shekara.

Amma in sabon ganye ne ya yi rawaya, ko ma fari-fari, jijiyoyinsa kuma suna nan kore shar, to matsalar daban ce. Sinadarin ƙarfe itacen ya rasa. Ƙarfen yana nan cikin ƙasa, saiwa ce ta kasa shan sa. Ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Lemu yana son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH tsakanin 6 da 7, farar ƙasa kuwa takan kai shi wajen 8, wato tsamin ya yi ƙaranci. Ko buhu guda na yuriya ka zuba, ganyen ba zai dawo ba.

Gwajin ba ya cin ko dala. Ɗebo busasshiyar ƙasa daga zurfin taƙi guda, ka matsa mata ruwan lemun tsami. In ta yi kumfa tana ƙara, akwai farar ƙasa. Daga yau ka daina zuba toka a gindin itacen, domin toka ƙara cutar take. Ka yawaita ruɓaɓɓen taki, shi ne ke sassauta ƙasar a hankali. Mai hali ya nemi garin ƙarfen da ake kira EDDHA wajen masu sayar da kayan noma, ya dama da ruwa ya ba saiwa. Wanda ke son cikakken awo kuma, cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, na da ɗakin gwajin ƙasa a Yamai.

Yanzu ruwa, wanda ni a ganina ya fi yunwa kashe lemu a fadamun Majiya da Tarka. Haƙa rami mai zurfin santimita 50 a ƙarshen inuwar itacen, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan na kwance, ƙasarka laka ce, ko akwai fako a ƙarƙashi. Saiwar lemu ba ta nisa, kuma numfashi take. In ta daɗe cikin ruwa sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai garka ya zaci ƙishi ne ya ƙara ban ruwa. Kankare saiwa da farce: mai lafiya fara ce daga ciki, ruɓaɓɓiya baƙa ce, ɓawonta na saɓulewa.

Wani lokaci za ka ga gindin itacen yana zubar da ƙaro. Ruwa ne ya riƙa taɓa shi kullum har cuta ta shiga. Ka yi da'ira biyu da kunyar ƙasa: ƙarama kewaye da gindi, ta zauna a bushe, babba a waje, nan ruwa zai kwanta. Kar ka binne wurin da aka yi wa dashen aure. Ka shimfiɗa kara ko busasshen haki don riƙe laima, amma ka bar tazara da gindi, kana lura da gara.

Saura kanwa. In ka ga fari-fari a saman ƙasa, bakin ganye na ƙonewa, gishiri ne ya taru, daga ruwan rijiya ko daga ruwan wanki da ake watsa wa lemun cikin gida. A daina ba shi ruwan sabulu. In ƙasar na tsanewa, a riƙa yi mata ban ruwa mai yawa jifa-jifa domin gishirin ya gangara ƙasa da saiwa.

Bayan gyara, sabon toho za ka sa wa ido nan da ƴan makonni, tsohon ganyen da ya lalace ba lallai ya farfaɗo ba.