Abin da likita ke nema a hoton ƙwan mahaifa

Ciki ya kumbura, mako biyu, mako uku, ya ƙi sauka. Loma kaɗan kin ƙoshi. Ga yawan fitsari, ga nauyi a mara. Mata da dama sai su ce ai ulsa ce. Da irin waɗannan alamu sankarar ƙwan mahaifa take ɓoye kanta, shi ya sa galibi ba a gano ta sai ta yi nisa.

Da sikanin ake farawa. Ana yi ta saman ciki, amma wanda ya fi fito da komai sarai shi ne na ta gaba, inda ake saka siririyar na'ura ta matso daf da ƙwan. Kada kunya ta hana ki, 'yar'uwa. 'Yan mintuna ne, kuma da sauti na'urar take aiki.

A ce ga allon sikanin a gabanki. Baƙar da'ira, bangonta siriri sumul, cikinta ruwa zalla. Irin wannan ƙullutu ya zama ruwan dare ga mai jinin al'ada, sau da yawa ma da kansa yake ɓacewa cikin wata biyu ko uku. To, dubi wannan kuma: bango mai kauri, ciki ɗaki-ɗaki, ga tsiron nama ya leƙo. Da aka kunna Dofla, tsarin sikanin mai nuna gudanar jini, sai ja da shuɗi suka bayyana cikin naman, wato jini na ciyar da shi. Ga ruwa kuma ya taru a cikin ciki. Nan ne hankalin likita yake tashi.

Idan hoton bai fayyace ba, sai MRI, hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, mai iya bambance kitse da tsohon jini da nama. Shi kuwa CT, wani hoton sassan cikin jiki, aikinsa nuna inda cutar ta kai: hanta, ƙirji, ko shimfiɗar kitsen da ke lulluɓe da hanji.

Akwai gwajin jini na CA-125, wani sinadari da wannan cutar kan ɗaga, wanda ake sa wa ido in adadinsa ya haura 35. Amma al'ada ko ƙarin mahaifa ma suna ɗaga shi, kuma a farkon cutar yakan fito lafiya lau a kusan rabin masu ita.

Duk da haka, hoto bai yanke hukunci. Idan ƙullutun bai bazu ba, likitoci kan guji huda shi da allura don kada ƙwayoyin cutar su zube cikin ciki. Ciro shi ake yi ɗungurungum a tiyata, a kai naman ɗakin gwaji, a can ne za a tabbatar ko sankara ce.