Darasin Lissafi: Jimla Ɗaya, Amsa Biyar

Assalamu alaikum iyaye da malamai, barkanmu da yamma daga nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Ku jawo murafen kwalbarku kusa, yau guda 6 kacal muke bukata.

Ga tambayar, ta 'yan ajin SIL da CP ce, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare: "Inna ta sayo 'ya'yan itace 6 a kasuwa, wasu mangwaro, wasu gwaiba. Mangwaro nawa, gwaiba nawa?" Kun ji dai, jimla kawai aka bayar. Yaron da ya saba a tambaye shi 4 da 2 nawa ne, zai zuba muku ido yana jiran sauran lambar. Kada ku ba shi, ku miƙa masa murafen.

Murfin da ke kife mangwaro ne, wanda ya buɗe baki sama gwaiba. Ni na fi son murfi a kan tsinke, don tsinke ba shi da ciki da baya. To, na jera su duka a kife, na juya ɗaya: mangwaro 5, gwaiba 1. Ya rubuta 5 + 1 = 6 a allonsa. Na juya wani: 4 da 2. Sai kuma 2 da... a'a, tsaya, biyu na juya a tare, bari in mayar da ɗaya. Yawwa, 3 da 3. Ɗaya bayan ɗaya ake juyawa, ta haka babu amsar da za ta ɓace masa.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe, ku saurara da kyau. In ya iso 2 da 4 zai ce muku, "Ai mun yi wannan." Ba mu yi ba! Ɗazu mangwaro 4 ne, yanzu mangwaro 2. Ku tambaye shi, kai da kake son mangwaro, wane kwando za ka ɗauka? Nan take zai nuna na farko. Jimlarsu ɗaya, abin da ke cikin kwandon ne ya bambanta. Ku daɗe a nan, ko da darasin yau zai ƙare a kansa. Da 1 da 5, amsa ta cika biyar ke nan.

Wani yaron zai kawo 6 da sifiri. Lissafinsa daidai ne, ku yaba masa, sannan ku sake karanta masa tambayar: an ce wasu gwaiba, ashe dole a samu ko ɗaya.

Malaman aji, don Allah, in yara biyu suka ɗaga allo da amsa daban, kada a yi wa ɗaya jan biro. Ku rubuta duka biyun a babban allo, ku ce wa ke da ta uku.

 A gida ku fara da Hausa, in ya gane sai ya faɗi lambobin da Faransanci. Gobe ku gwada masa dabbobi 7, awaki da tumaki, amsa shida za ku nema.